Duron Kananzir

Zuwa ga Gajere,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da mai ɗakinka da yara. Na san za ka yi ta juya takardar nan kana tambayar wace ce. To, Gwaggonka ce ta kan tudu, wadda mahaifinta da kakanka suke ciki ɗaya, wadda ka zauna a gidanta lokacin da kake koyon walda, kana cinye mana abinci kana ƙara tsawo, mu kuma muna ce maka Gajere. Wurin ƙanwarka na samo adireshinka. Da ta waya zan neme ka, amma kunnena ya tafi ya bar ni. In aka kara min waya sai in ji kamar daga cikin rijiya ake magana.

Mu dai da sauƙi. Ni gwiwa ce kawai. Babanku Direba kuwa ƙirji ne ya sa shi gaba tun sanyin bara. Tari yake yi har cokali ya motsa a cikin kofi. In na yi magana ya ce injin da ya tsufa a hanya ai dole ya yi ƙara.

Abin da ya sa na rubuto maka, duronmu na kananzir ya huje. Ka tuna shi, shuɗin nan na ɗan ɗakin ƙarƙashin matakala. Na shiga ɗauko tsintsiya sai na ji ƙafata a jiƙe. Tsatsa ta cinye gindinsa kaf. Direba ya lallaɓo ya sauko ya liƙa masa sabulu yadda yake yi wa tankin mota, kafin gari ya waye sabulun ya bi kananzir sun tafi tare.

Ka san yadda garin nan yake in sanyi ya shigo. Tankar mai sau ɗaya take hawowa a wata, ta tsaya a bakin layi, kuma ba ta kula mai jarka, sai mai duro. Wanda ba shi da duro sai ya gangara gidan mai na ƙasan tudu. Rishon ɗumama ɗakin kuwa ci gare shi, jarkata ba ta yi masa komai.

Na zaga kasuwa. Na roba ne suka cika ta, mai shagon ya ce na ruwa ne, bai ba ni shawarar in zuba mai ba. Wani na ƙarfe da na gani wurin masu gwangwan, ina leƙawa na hango ƙafata ta gindinsa. Da na dawo ina mita sai Direba ya ce, “Ina yaron nan mai walda? Ai ƙarfe ba ya yi masa gardama.”

To, ga ni. Wanda zai hau baro nake so, a tura shi bakin layi a dawo da shi, kuma ya shige ƙofar ɗan ɗakin. Faɗin ƙofar kamu biyu ne ba kaɗan. In babu hali, kada ka ji komai.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa. Ina gaida Baba Direba, Allah ya ƙara sauƙi. Mu duk lafiya, sai mai ɗakina da ta yi nauyi, muna jiran haihuwa.

A gareji aka miƙo min takardarki, hannuna duk baƙin mai, na goge a wando na karanta a tsaye. Da na zo kan sabulun na yi dariya har ogana ya leƙo. Gwaggo, wane irin in babu hali? Ni da na yi ta ɗiba a duron nan ina cika muku risho, har Baba ya ce rabin kananzir a ƙasa nake zubarwa.

Na shiga nema tun ranar. Duro ba ya wuya a nan, kusa da tashar jiragen ruwa muke, amma na kirki ne babu. Waɗanda na samu a bayan wani sito, maganin ƙwari aka zuba a cikinsu. Ba zan kai muku wannan gida ba, ga mai ciwon ƙirji. Waɗansu kuma fetur suka ɗauka, irin waɗannan ba a kai musu wuta, ko sun shekara a bushe. Akwai abokin aikinmu da ya gwada, har yau ba ya ji da kunne ɗaya.

Sai ga wata babbar mota da ta mutu a garejinmu, za a yanka ta. Tankinta lafiya lau, ƙarfe mai kauri, irin na da. Na roƙi oga ya bar min. Zan wanke shi, in cika shi da ruwa in yanke, in mai da shi daidai ɗan ɗakinku. Wannan ba zai yi tsatsa ba har jikokina.

Sai dai kamu biyun nan, da hannun wa aka auna? In naki ne daban, in na Baba ne daban, in kuma nawa ne to ƙofar ta isa mota ta shiga. Ki samu zare ki auna daga bango zuwa bango, ki yanke ki sako min a takarda.

Kafin sanyi ya yi ƙarfi in Allah ya so yana ƙofarku. Ki ce wa Baba ya bar sauka matakalar nan.

Ɗanki,
Gajere

*

Gajere,

Takardarka ta iso, mun ji daɗi ƙwarai. Na karanta wa Babanku sau biyu, ya ce in gaya maka tankin babbar mota ka samo masa, to ka san darajarsa. Muna gaida mai ɗakinka, Allah ya raba lafiya.

Ga zaren nan na sako. Tela maƙwabciyarmu ce ta riƙe min gefe guda, ta ce ita da awo ne sana'arta ba a taɓa kiranta auna ƙofa ba. In ya yi kuskure laifinta ne.

Sanyi kam ya riga ka zuwa. Bana bai yi sallama ba. Da safe tagogi sukan yi fari ta ciki, sai na kankare da cokali kafin in ga titi. Tankar ta zo ta tafi, na tsaya a taga ina kallon mutane suna tura durorinsu. Na kwashe kayanmu mun koma ɗaki ɗaya, na toshe ƙasan ƙofa da tsofaffin riguna. Ina gangarawa gidan mai da jarka. Saukar ba wuya, hawowar ce. Ina yi ina ajiyewa, akwai wani dakali a rabin hanya da muka saba da juna.

Babanku tarin ya kwanta. Yanzu ɗakin shiru, sai barci yake ta yi, har sai na tashe shi ya sha shayi. Ba ya faɗa da ni kan rishon kamar da, in na rage lagwani don mai ya kai mu ba ya cewa komai.

Ka yi aikinka a hankali, kada ka takura wa kanka saboda mu. Kana da iyali, ga haihuwa a gaba. Mu muna lallaɓawa.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Albishirinki! Mai ɗakina ta sauka lafiya, an samu mace. Doguwa ce, ungozoma ta ce ƙafafun ubanta ta kwaso. Uwar ta ɗan sha wuya amma ta warware. Shi ya sa kika ji ni shiru, kwanakin nan tsakanin asibiti da gida da gareji nake.

Na ji daɗin labarin Baba. Da na karanta cewa tarin ya kwanta har yana samun barci, sai na ji an sauke min kaya. Na ce wa mai ɗakina, tsohon injin ya daina ƙara, an gyara shi ke nan. Barcin nan shi ne magani, ki bar shi ya rama wanda ya rasa.

Zaren ya iso, kuma gara da aka auna, don da na bi kamu biyunki da sai an fasa bango. Na yanke tankin na haɗa. Tun makon jiya ya isa a ɗauka, har wani direba da zai bi ta wajenku ya ce in kawo. Amma da na ga kin ce babu gaggawa, kuma Baba ya samu sauƙi, sai na ce ba zan aiko muku da abu baƙi ƙirin kamar na masu gwangwan ba. Na fasa maganar baro ma gaba ɗaya. Tayoyi nake sa masa, da mariƙi, yadda ko ke kaɗai za ki tura shi bakin layi ba sai kin roƙi kowa ba. Tayoyin ne suka ba ni wuya, sai da na jira aka kawo masu ƙwari. Sannan fenti, kore, irin na motar da Baba ya daɗe yana ja. Ina so in ya sauko ya gan shi ya yi dariya.

Direban zai sake bi ƙarshen wata, na riga na kama masa wuri a bayan mota. Ki ɗan ƙara haƙuri da dakalin nan naki.

Ɗanki,
Gajere

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Ban ji daga gare ki ba tun takardar da na ba ki labarin haihuwa, kuma na san ba halinki ba ne a yi miki albishir ki yi shiru.

Duron ya tafi. Direban ya dawo jiya, ya ce ƙanƙara ta rufe hanya sun yi kwanaki a ƙasan tudu kafin a buɗe. Ya ce ya sami gidan a kulle, ya yi ta bugawa, sai wata mata ta fito daga gidan kusa da tef a wuya, ta ce ba kwa nan, a ajiye a wurinta. Na ce ina kuka je? Ya ce bai tambaya ba, sauri yake yi. Na ce Baba fa, ba ya fita, ya za a yi gida ya zama a kulle? Ya ce shi dai abin da ya gani ke nan.

Don Allah ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko ki sa Tela ta rubuto.

Gajere

*

Ɗana Gajere,

Takardunka biyu suna hannuna. Barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya ta, ya ba uwarta lafiya. Ka yafe min jinkirin barkar.

Babanku ya rasu. Allah ya karɓi abinsa a asibiti, ina zaune kusa da shi.

Zan gaya maka yadda aka yi, don kada ka ji a bakin wani. Wata safiya mai ya ƙare ƙaf. Na bar shi yana barci, na lulluɓe shi da duk abin da muke da shi, na ɗauki jarka. Na tarar da layi a gidan mai har ya zagaye kwana, don hanya a rufe take, ana tsoron zai yanke. Na tsaya. Da zan hawo kuma ga santsi, sai bin bango nake. Ban iso ba sai da rana ta karkata.

Ina shigowa na gan shi zaune a matakalar ƙarshe ta ƙasa, daga shi sai 'yar riga da silifa. Ƙofar titi a buɗe, iska tana ta shigowa a kansa. Na ce, “Direba, me ya sauko da kai?” Ya ce, “Na ga kin daɗe, na zo in karɓe ki.” Na ce to tashi mu hau. Ya ce, “Tun ɗazu nake ba ƙafar umarni, ta ƙi.” Na taɓa hannunsa kamar na taɓa ƙarfen ƙofa. Ban san tsawon zaman da ya yi a wurin ba, shi ma bai sani ba. Tela da mijinta ne suka ɗauke shi, a ranar muka wuce asibiti.

Likita ya ce sanyi ya shiga huhun, amma ciwon ya daɗe da cin ƙarfinsa. Na ce ai tarin ya kwanta. Ya ce, “Mama, ba kwanciya ya yi ba, ƙarfin yin tarin ne babu.” Zuciyata ta riga ta gaya min haka tun ranar da nake rubuta maka, hannuna ne ya rubuta abin da ya fi daɗin ji.

Muna can Tela ta zo da labarin duronka. Na sunkuya na gaya masa. Ya buɗe ido ya ce, “Wane launi?” Tela ta ce kore. Ta ce har da tayoyi. Sai ya yi murmushi, ya ce, “Ashe yaron mota ya aiko min. Ki ce kada wanda ya ja min ita sai na fito.” Ya yi ta tambayar tayoyin nawa ne, masu iska ne ko na roba zalla. Rabon da in ji ya yi magana mai tsawo haka har na manta. Bayan nan bai ƙara cewa wani abin kirki ba, sai sunana lokaci-lokaci.

Bai gan shi ba, Gajere. Amma ya san ya iso.

Da na dawo gida mijin Tela ya turo shi. Ya shige ƙofar ɗan ɗakin sumul, ko bango bai taɓa ba. Na rufe ƙofar, ban sake buɗewa ba tukuna.

Ka sa shi a addu'a.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya ba ki haƙuri. Ban san da wane baki zan yi miki gaisuwa ba, tunda ni ma ita ake yi min. Mai ɗakina tana ta kuka, ita da ba ta taɓa ganinsa ba.

Na ɗauko takardarki ta kwanaki na sake karantawa. Komai yana ciki. Kin ce kun koma ɗaki ɗaya, kin ce kina rage lagwani, kin ce ba ya faɗa. Mutumin da in aka rage masa rediyo sai unguwa ta ji, a ce ba ya faɗa, ni kuma in ce sauƙi ne. Duron yana tsaye a gareji a gama, mota tana ƙofa, na ce a jira fenti. Da na aiko a lokacin, da ya riski tankar, da ba ki fita ranar ba. Wannan lissafin nake yi safe da yamma.

Gwaggo, ki taho wurinmu. Nan babu irin wannan sanyin. Akwai ɗaki a ƙasa, ba matakala. Ga jaririya tana neman kaka. Ba zan iya zama ina tunanin kina can ke kaɗai ba. Ki ce to kawai, in zo in ɗauke ki. Duron a ba Tela, ko a jefar, ba na son in sake jin labarinsa.

Ɗanki,
Gajere

*

Gajere,

Na samu takardarka. Na gode da gaisuwa. Ina lafiya, gwiwar ce dai. Ka shafa min kan jaririya.

Ka bar lissafin nan, ba naka ba ne. Ni na ce kada ka takura, kai kuma ka ji maganata, tun kana yaro haka kake. In za a bi ta wannan hanya, ni ma sai in ce da na kulle shi ta waje, da na roƙi Tela ta zauna da shi, da na bar layin na dawo. Na yi wannan zagayen har na gaji, ba ya kai mutum ko'ina. Likita ya ce ko a ɗaki mai ɗumi yake da wuya ya ga ƙarshen sanyin nan. Kwanansa ne ya ƙare. Kuma Babanku ko da tafki na kananzir a gidan, in ya ga na daɗe sai ya sauko.

Maganar tahowa, na ji, kuma Allah ya yi maka albarka. Ba yanzu ba. Rigunansa suna rataye inda ya bar su, ban iya taɓawa ba. Ka bar ni sai gari ya yi ɗumi, mu sake magana. Ban ce a'a ba.

Duron kuma babu mai jefar da shi. Tankar ta zo shekaranjiya. Na buɗe ɗan ɗakin, na kama mariƙin, na tura shi da kaina har bakin layi. Tafiya yake kamar ya san hanya. Mutane suka yi ta zagaye shi, mai tankar ya ƙwanƙwasa ya ce bai taɓa zuba wa irinsa ba. Na ce ɗana ne ya ƙera. Da aka cika shi na juyo, sai na tuna Babanku ya ce kada wanda ya ja masa. Nan na tsaya a tsakiyar titi, mijin Tela ne ya ƙarasa da shi.

Yanzu yana cike. Ya fi ƙarfin mutum ɗaya, zai kai ni ƙarshen sanyi har ya yi saura.

Abu ɗaya ne. Famfon da ka sa masa a ƙasa ya yi tauri. Na san don kada ya ɗiga ka matse shi, amma hannun namiji ka yi wa. Na gwada da tsumma, na gwada da hannu biyu, ya ƙi. Kullum sai na jira mijin Tela ya dawo daga aiki ya buɗe min, kafin nan ina zaune da bargo, ga mai cike a ƙasa. Ya ce zai sassauta shi, na ce ya bari, mai abin zai zo.

Ba ɗaukata za ka zo yi ba. Ka zo in kai ka inda aka sa Babanku, ka kwana biyu a tsohon ɗakinka, za a samu ɗumi. In za ka taho, ka taho da sifana saboda famfon.

Gwaggonka